Ajani: me ya sa zakin da danginsa suka mayar saniyar ware bai zama mugu ba?

Tambaya: Kwanan nan na fara buga Magic: The Gathering a waya, sai na ci karo da katin Ajani, Nacatl Pariah. An ba ni labarinsa a taƙaice, wai danginsa sun tsangwame shi tun yana yaro, aka kuma kashe masa yaya. To amma sauran katunansa da na gani duk na warkarwa ne da ƙarfafa wasu. Me ke tura shi? Ta yaya wanda aka yi wa haka zai tashi da tausayi, ko dai marubutan ne suka sauya shi don ya yi farin jini?

Amsa: Marubutan ba su sauya shi ba, ɗan'uwa. Abin da ya rikita ka shi ne katunan Ajani ba su fito bi da bi yadda rayuwarsa ta gudana ba. Na farko, Ajani Goldmane, ya fito a 2007 cikin jerin Lorwyn, kuma babban mutum ne da ya riga ya huce a jikinsa. Sai a 2008 aka koma baya aka nuna saurayin da zuciyarsa ke tafasa, wato Ajani Vengeant. Wanda ke hannunka na 2024 ne, daga Modern Horizons 3, amma shi ne mafi ƙuruciya a cikinsu duka. In ka jera su bisa labari za ka ga buƙata ɗaya ce tak take bin sa tun farko: wurin zama a cikin jama'a. Abin da ya riƙa canzawa shi ne wanda yake nema wa wurin.

Saboda masu karatun da ba su san wasan ba: Richard Garfield ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. Karta ce da kowane ɗan wasa ke harhaɗa tasa, a fara da makin rai 20, wanda nasa ya ƙare ya faɗi. Sihirin wasan launi biyar ne, kowanne da halinsa. Fari na tsari ne da kare jama'a, ja na fushi da zafin zuciya, kore na girma da yarda da halitta yadda take, shuɗi na ilimi da dabara, baƙi na buri da son kai. Ka riƙe wannan da kyau, domin launin da aka ba jarumi a kati shi ne halin da yake ciki a lokacin. Rabin labarin Ajani a launi aka rubuta shi.

An haife shi a Naya, ɗaya daga ɓangarori biyar na wata duniya da ta tsage mai suna Alara. Sauran su ne Bant, Esper, Grixis da Jund. Naya kurmi ce mai manyan namun daji, mutanensa kuma Nacatl ne, masu siffar zaki da ke tafiya da ƙafa biyu. Shi ya zo duniya da farin gashi fat, su kuwa a wurinsu fari alamar mutuwa ce. Wanda ya taɓa ganin yadda ake nuna zabiya da baki a wasu wurare ba ya buƙatar dogon bayani.

Ga inda yawancin masu ba da labarin a taƙaice ke kuskure: ba korar sa aka yi ba. Da korar sa aka yi da ya fi sauƙi, sai ya tsane su ya kama gabansa. Haƙuri aka yi da shi, kuma ba don shi ba. Yayansa Jazal shi ne shugaban dangin, shi ke tare masa faɗa, shi ya cece shi lokacin da 'yan Adam suka biyo shi da farauta. Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko, kuma Ajani ya san haka sarai. Yana cikin gida amma ba ɗan gida ba. Irin wannan yaro ba ƙiyayya yake fara koya ba, kallon fuska yake koya. Dole ya gane wa ke cikin fushi yau, wa zai bar shi ya zauna kusa da wuta, wa zai tanka masa. Ni a nan nake ganin tushen baiwarsa. Sihirin Ajani shi ne ganin abin da ke cikin ran wani, ya jawo ƙarfin da mutum ke da shi bai sani ba, ya warkar da rauni. Marubutan sun ba wanda ba a kallo baiwar kallon kowa, kuma sun yi daidai.

Yanzu ɗauko katin naka ka dube shi. Ajani na da ƙarfin duka 1, juriya 2. Da ya sauka fili sai ya zo da wani mayaƙin Nacatl mai ƙarfin duka 2, juriya 1. Wato abokin tafiyarsa ya fi shi bugu, shi kuma yana raɓe a bayansa. Ba ya juyawa ya zama wani abu sai wani ɗan jinsinsa da ke ɓangarenka ya mutu. A lokacin ne za ka kifa katin, ya koma Ajani, Nacatl Avenger, fari ya gauraya da ja. A karatuna wannan mayaƙin Jazal ne. Shi ya sa gogaggun 'yan wasa ke ƙin kashe shi ko da sun sami dama, suna gudun abin da zai biyo baya, mai katin kuma ya riƙa tura shi gaba yana neman a kashe. Akwai ɗan rashin imani a cikin dabarar in ka san labarin, amma haka ake buga shi.

A labarin, da dare ne aka saki wasu baƙaƙen halittu a kan dangin, aka kashe Jazal. Baƙin cikin ya kunna abin da wasan ke kira tartsatsi, wato baiwar ƙetarawa daga duniya zuwa duniya, wadda galibi ba ta tashi sai mutum ya shiga mawuyacin hali. Ya faɗa Jund, ƙasar duwatsu masu aman wuta da dodanni, ya haɗu da Sarkhan Vol, wani matafiyin duniyoyi mai irin wannan baiwa. Shi ne ya ce masa kada ya danne fushin, ya rungume shi. Ajani ya ɗauki shawarar. Ya haɗa kan gatarinsa da na yayansa a ƙota ɗaya, shi ya sa kake ganin gatarin da baki biyu a zane-zanensa.

Kada ka ɗauka ramuwar gayya kaɗai ce ta tashe shi. Da mutuwar Jazal ya yi asara biyu a dare ɗaya: ɗan'uwa, da kuma dalilin da ya sa ake barin sa ya kwana a cikin dangi. Neman wanda ya yi kisan shi ne kaɗai aikin da ya rage masa wanda ke ɗaure shi da gida. Dubi Ajani Vengeant ka ga yadda aka zana wannan hali da dokokin wasa. Aikinsa na farko ya daskarar da wani kati na abokin karawa ya hana shi tashi. Na biyu ya yi ɓarnar maki 3 ya ƙara maka rai 3. Na ƙarshe ya rushe duk katunan ƙasa na abokin karawarka, waɗanda da su yake biyan kuɗin sauran katunansa. Babu ko ɗaya da ke taimakon mayaƙan da ke tare da shi. Mutumin da baiwarsa ita ce ɗaga wasu, ga shi a kati ba ya ganin kowa sai abokin gaba, kuma babban burinsa ya raba wani da ƙasarsa kamar yadda aka raba shi da tasa. Ka kwatanta da Ajani Goldmane na 2007: ya ƙara maka rai 2, ko ya ƙara wa kowane mayaƙinka ƙarfi a lokaci guda. Tazarar da ke tsakanin katunan nan biyu ita ce tambayarka.

Abin da ya cike tazarar shi ne amsar da ya samu, wadda ba ita yake so ba. Ya fara zargin Tenoch, wanda ya daɗe yana cin zalinsa, kuma da shi ne da komai ya zo da sauƙi. Sai bincike ya kai shi ga Marisi, tsohon gwarzon da ya jagoranci tawayen da ya rushe tsoffin dokokin Nacatl, wanda dangin ke yi wa biki. Jazal ya fara shakkar koyarwar Marisi, shi kuwa Marisi ɗan aiken Nicol Bolas ne, tsohon dodon da ke hura wutar yaƙi a ɓangarorin Alara biyar don ya zuƙe ƙarfin da zai taru idan sun sake haɗewa. Hannun da ya ajiye abin da ya kira halittun nan kuwa na Zaliki ne, ƙawarsa, ɗaya daga 'yan ƙalilan da ba su taɓa ƙyamar sa ba.

To a kan wa zai sauke gatarin? Wadda ta aikata an yi amfani da ita ne, kuma tana cikin nadama. Wanda ya sa ta shi ma aiko shi aka yi. Wanda ya kitsa komai ya fi ƙarfin gatari. Bai kashe Zaliki ba. Da ya tsaya gaban Bolas kuma, ba fushin Jund ne ya yi masa aiki ba. Tsohuwar baiwarsa ya koma wa: ya leƙa cikin ran dodon, ya fito da siffar ransa ya sa su karo da juna, har Bolas ya bar Alara. Wannan wurin shi ne ginshiƙin labarinsa gaba ɗaya. Abin da ya koya a zaman raɓe, wanda ya ɗauka alamar rauninsa ce, shi ya ceci duniyarsa. Abin da Sarkhan ya koya masa kuwa bai kai shi ko'ina ba, shi Sarkhan ɗin ma ƙarewa ya yi yana yi wa Bolas bauta.

Ba cewa nake yi fushin banza ne ba. Ba don shi ba da Ajani bai bar Naya ya bi sawu ba. Ya tashe shi tsaye, amma bai iya gaya masa inda zai nufa ba.

Jarrabawa ta biyu ita ce ke nuna ko mutum ya sauya da gaske, domin kowa na iya yafiya sau ɗaya. A Bant ya san Elspeth Tirel, jarumar da ita ma ta taso ba gida, tana ta neman inda za ta ajiye takobi ta huta. Kusan ciwonsu ɗaya, sai dai wannan karon shi ne babba. Ya zama mata abin da Jazal ya zama masa. A nan ne kore ya shigo katunansa: Ajani, Mentor of Heroes na 2014 fari ne da kore, yana raba ƙarin ƙarfi uku ga mayaƙanka, yana leƙa katuna huɗu na saman tarinka ya zaƙulo maka abokin tafiya, in ya daɗe a fili kuma ya ba ka rai 100. Ya bi ta har Theros, duniyar da aka gina bisa tatsuniyoyin Girka, inda allolin labarin ke samun ƙarfi daga imanin masu bauta musu. Ya raka ta har ta kashe Xenagos, wanda ya ɗora kansa a kujerar allolin. Sakayyar da ta samu ita ce Heliod, wanda ta yi wa hidima, ya karɓi makaminta ya soke ta da shi a gaban Ajani. Ajani ne ya ɗauko ta ya sauko da ita.

An maimaita masa daren Jazal ke nan, kuma wannan karon ya san mai kisan, ya gan shi da idonsa ɗaya da ya rage. Bai tafi neman dutse mai aman wuta ba. Ya yafa mayafinta, ya shiga cikin mutanen Theros yana ba su labarin abin da Heliod ya yi. Wasu na karanta wannan a matsayin haƙuri. Ni ban yarda ba. A duniyar da abin bauta ke rayuwa da imanin jama'a, raba shi da jama'a ya fi sara da gatari zafi. Ramuwa ce, sai dai ta wanda ya san inda ƙarfi yake, kuma ramuwa ce da ke 'yantar da wasu a hanya maimakon ta bar gawarwaki. Jan bai fita daga jininsa ba, ya dai sami linzami. Katin Ajani Steadfast na wannan shekarar ya nuna shi sanye da mayafin, kuma cikin ayyukansa har da ƙara wa sauran matafiya duniyoyi da ke ɓangarenka ƙarfi. Makokin ma bai yi shi shi kaɗai ba, gidan ƙawarsa Tamiyo ya je a duniyar Kamigawa, cikin iyalinta. Saurayin Naya ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa irin wannan.

A 2017, cikin jerin Aether Revolt, ya shiga Gatewatch, ƙungiyar matafiya duniyoyi da suka yi rantsuwar kare duniyoyin. Kowane ɗan ƙungiyar da rantsuwarsa, tasa kuwa ma'anarta ita ce zai ci gaba da tsaro har sai kowa ya sami wurinsa. In kana neman amsar tambayarka a layi ɗaya, ga ta nan a bakinsa. Nan take kuma ya nuna ya san abin da yake faɗa. Da sauran suka ɗaura aniyar bin Bolas zuwa duniyar Amonkhet, shi da ya taɓa karawa da dodon ya ce a dakata a tara abokai tukuna. Gideon, Jace, Liliana, Chandra da Nissa suka tafi abinsu, Bolas ya yi musu kaca-kaca.

Gaskiya daga nan zuwa 2019 labarinsa ya yi sanyi. Ya zama babban yaya mai nasiha, a kira shi in ana buƙatar wanda zai dafa kafaɗa, katunansa kuma suka riƙa kama da juna: ƙarin rai, ƙarin ƙarfi, kyanwoyi. In waɗannan ka fara gani, ba laifinka ba ne da ka zaci an wanke shi ne don kasuwa.

Sai 2022, jerin Dominaria United. Phyrexia wata annoba ce mai mayar da halitta rabin nama rabin ƙarfe ta hanyar wani baƙin mai, ta shafe son ran mutum ta haɗe kowa ya zama abu ɗaya. Sun kama Ajani a ɓoye, suka sauya shi, suka mayar da shi cikin abokansa ba tare da shi kansa ya sani ba. Yana zaune a majalisarsu ana neman ɗan leƙen asiri, alhali shi ne. Da lokaci ya yi ya kashe Jaya Ballard, malamar Chandra, ya lalata makamin da suke dogaro da shi, aka kama Karn, mutum-mutumin ƙarfe mai rai da ke cikin abokansa, aka tafi da shi.

Mutane da yawa sun ji haushin wannan juyi. Ni ina ganin babu wanda ya fi dacewa da shi kamar Ajani, duk da zafinsa. Me Phyrexia ke alkawari? Cewa kowa zai sami gurbinsa, babu bare, babu saniyar ware. Rantsuwarsa ce aka karɓe aka cire mata zaɓi. Katin Ajani, Sleeper Agent ya faɗi haka ba tare da dogon zance ba. Launinsa bai canza ba, fari da kore ne. Har yanzu yana nemo maka abokai daga saman tari, har yanzu yana raba ƙarfi uku. Amma kana iya biyan wani ɓangare na kuɗinsa da makin ranka 2, sai ya sauko da rauni: wanda ya saba ba ka rai, yanzu ranka yake ci. Aikinsa na ƙarshe kuma, duk lokacin da ka kira sabon mayaƙi ko matafiyi, abokin karawarka ya sha guba 2, kuma guba 10 ke kashewa a wasan. Tara jama'a, abin da ya fi iyawa, shi ya zama hanyar yaɗa cutar. A 2023 ma Theros aka tura shi, ya yi amfani da sanin da ya yi cewa imanin mutane ke siffanta allolinsu: ya gurɓata masu bautar, allolin suka gurɓace, har da Heliod. Dabarar da ya yi makokin Elspeth da ita, ita ce aka juya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yanzu ya tsaya a inda Zaliki ta tsaya. Aboki na kusa, wanda aka amince wa, wanda wani babba ya yi amfani da hannunsa aka kashe wanda ake ƙauna. Akwai bambanci, ita tana da zaɓi ko da an yaudare ta, shi ba shi da ko kaɗan. Amma wanda ya aikata ba ya jin wannan bambanci da daddare. Ya taɓa duban mai irin wannan laifi ya sauke gatari. Tambayar da labarin ya ajiye masa ita ce ko baiwar da ke ganin alherin kowa za ta iya ganin nasa, domin tun yana yaro waje take kallo, ba ta taɓa juyowa ciki ba.

A ƙarshen jerin March of the Machine an warkar da shi tare da Nissa, wadda ita ma Phyrexia ta sauya. Melira, wadda ke da baiwar warkar da cutar Phyrexia, ta rasa ranta a aikin, Karn ya sadaukar da tartsatsinsa, Nissa ta rasa nata, matafiya da dama ma suka wayi gari babu nasu, shi kuwa nasa na nan. Wato an sake ɗora masa bashin wasu. Ƙorafina da marubutan shi ne saurin da suka yi: watanni kaɗan tsakanin faɗuwarsa da warkewarsa, cikin labarin da ke cunkushe da yaƙe-yaƙe a duniyoyi barkatai, ba a ba abin sarari ya yi nauyin da ya kamata ba. An ba kisan Jazal littafi sukutum, an ba mutuwar Elspeth shekaru ana jin raɗaɗinta. Jaya ta cancanci irin wannan, Chandra ma haka, tunda ita ce yanzu ke riƙe da matsayin wanda aka kashe wa nasa, kuma ita ja ce tsantsa, ba ta da farin da zai ja mata linzami.